Yini biyu da kwana ɗaya a jirgin katako a Lamu, ga yadda muka kwashe

Sati uku kenan da dawowarmu daga Lamu, wani tsibiri a gaɓar tekun Kenya, amma har yanzu in na kwanta sai in ji kamar katifar na lilo da ni. Ni a Nairobi nake zaune, aiki ne ya kawo ni, to Yayana ya zo min ziyara daga Kano a watan Janairu, nace wallahi Yaya ba za ka koma gida ba sai ka ga teku da idonka. Muka hau ƙaramin jirgin sama daga filin Wilson na Nairobi muka sauka a tsibirin Manda, don filin jirgin ba a cikin garin Lamu yake ba, sai an tsallaka da kai ruwa kamar minti goma. Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne hayar jirgin ruwa na katako da mukai, irin wanda iska ke turawa, mu biyu da matuƙi da yaransa biyu. Akwai abin yabo sosai, akwai kuma abin da bai min daɗi ba, duk zan faɗa tsakani da Allah.

Bari in fara da kuskuren da mukai. Kana taka gaɓar garin samari za su yanyame ka, kowa na cewa yana da jirgi, kowa kyaftin ne. Wani mai daɗin baki ya nuna mana hoto a waya, jirgi mai kyau da ƙyallensa a buɗe, muka ba shi kafin alƙalami a daren. Da safe muka zo sai ga wani kwale-kwalen roba mai inji, ko sandar ɗaura ƙyalle babu a jikinsa, wai ai wannan ya fi sauri. Nace bawan Allah ba sauri muka zo nema ba. Da ƙyar da jan rai muka karɓo kuɗinmu, shi ma ba duka ba, yace ya riga ya sayi fetur. Ashe ɗan kamasho ne, ko jirgi ɗaya bai mallaka ba. Ranar haka ta tafi a banza. Sai mai masaukinmu ne ya haɗa mu da wani dattijo, shi kuma kafin a yi maganar kuɗi ma cewa yai ku zo ku ga jirgin tukun, ku shiga ku taka shi. To duk mai zuwa ya riƙe wannan, kar ka ba kowa ko sisi sai ka ga jirgin da idonka, ka kuma zauna da wanda zai riƙe sitiyarin, su nahodha suke ce masa. Ciniki kuma dole ne, mu an sauko mana sosai daga farashin farko, kuma ka tabbatar an faɗa maka ko abinci da ruwan sha da fetur suna ciki.

Jirgin irin wanda suke kira mashua ne, ƙanin jahazi, shi jahazi ya fi girma, shi ne na dakon kaya. Tsawonsa bai fi taku goma sha biyu ba. Sanda ɗaya ce a tsakiya ta ɗan karkata gaba, an rataya mata wata doguwar sandar a gicciye wadda ta kai tsawon jirgin kansa, a jikinta ake ɗaura ƙyallen mai kusurwa uku, tanga suke ce masa, nasu duk faci ne amma facin mai kyau, ɗinkin hannu. A ƙasa an jera buhunan yashi don nauyi. A goshin jirgin hagu da dama akwai wani faifan katako da aka sassaƙa wata da tauraro a jiki, nahodha yace idanun jirgi ne. Sai wani ƙarni da yake tashi daga katakon, man hantar kifin shak ne da suke shafawa don kar ruwa ya ci itacen, awa ɗaya za ka yi ka daina jin sa. Akwai ɗan inji a baya amma an ɗage shi sama.

Tun a daren muka fara samun saɓani da nahodha. Mu so muke mu yi barcinmu mu tashi ƙarfe goma, yace a'a, bakwai da rabi ko kuma a fasa. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai ya nuna min wata, daren sha huɗu ne ko sha biyar, yace ruwan kwanakin nan babba ne, bamvua suke ce masa, ƙarfe goma jirgin nan yana zaune a kan laka ko jaki goma ba za su ja shi ba. Ni da na tashi a inda ruwa sai damina yake ƙaruwa, a nan na fara gane cewa teku sau biyu take cika sau biyu take janyewa a kowace rana, kusan awa shida-shida, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. In wata ya cika ko in sabo ne, bambancin cika da janyewa a gaɓar nan yakan kai mita 3 har ya wuce. Duk tafiyar da mukai a kan wannan lissafin aka gina ta, kuma mutumin nan ba takarda yake dubawa ba ba waya ba, wata kawai yake kallo da bakin gaɓa.

Da safe kafin mu shiga na tambayi rigar kariya ta ruwa. Nan ne abu na farko da ya ɓata min rai. Babu ko ɗaya a jirgin, sai da aka aiki yaro ya aro guda biyu, ɗayar ma igiyarta a tsinke. Mu da muke jin labarin abin da ke faruwa da jiragen kasuwa a kogin Kwara ta wajen Kebbi da Neja, ba za mu ɗauki wannan da wasa ba. Na faɗa masa gaskiya, ya karɓa, ya ɗaure igiyar da hannunsa. Amma bai kamata sai fasinja ya roƙa ba.

Aka ja tanga sama, yaran biyu suna jan igiya suna wata waƙa da ban gane ba, iska ta cika ƙyallen fam, jirgin ya ɗan kwanta gefe ɗaya ya fara tafiya. Babu ƙara ko kaɗan, sai kukan katako da ruwa yana wucewa ta ƙasa. Yaya da tun a gaɓa yake ta Hasbunallahu ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ba a yi minti ashirin ba na ga ya saki hannu ɗaya yana ɗaukar bidiyo. Iskar lokacin kaskazi ce, daga arewa maso gabas take busowa tun wajen Disamba har Maris, daidai lokacin da muke fama da hunturu a gida. Ita ce ta dinga kawo jiragen Oman da Hadramaut da Indiya gaɓar nan shekaru aru-aru, su sauke dabino da yadi da tangaran, su jira iska ta juya ta zama kusi daga kudu, sannan su koma da itacen gini da hauren giwa, da bayi ma, don wannan ma yana cikin tarihin garin, sai 1907 aka soke bauta a gaɓar.

Muka isa Shela, kamar kilomita 3 daga garin Lamu, ƙauye ne a gindin manyan tuddan yashi, daga nan rairayin bakin teku ya miƙe kilomita 12 babu gini. Aka jefa nanga, wato ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da yake riƙe jirgi, kuma na lura nesa da gaɓa ya jefa ta, muka sauka a ruwa iya cinya. Na tambaye shi dalili, sai ya nuna min yashin gabanmu yace Shehe, a nan aka yi yaƙin Shela. Labarin kuwa sananne ne, na sake karanta shi a gidan tarihi na Lamu. Wajen 1812 mutanen tsibirin Pate suka haɗa kai da Mazrui masu mulkin Mombasa suka zo cin Lamu da yaƙi, suka sauka a Shela da jiragensu. Yaƙi ya juya musu, suka ruga za su shiga jirage su gudu, ashe ruwa ya janye, jiragen na zaune a kan yashi. A nan aka gama da su. Bayan wannan ne mutanen Lamu suka nemi kariyar Sayyid Sa'id sarkin Oman, aka gina wani babban gidan tsaro a tsakiyar gari wanda aka gama wajen 1821, daga baya ya zama kurkuku daga 1910 har 1984. Ina tsaye a wajen ina kallon ruwan yana ja da baya a hankali yana barin yashi, jikina ya yi sanyi wallahi, don abin da dattijon nan ya hana mu yi da safe shi ne ya ci rundunar mutane guda.

Muka yi azahar a masallacin Juma'a na Shela mai hasumiya kamar tulu, na 1829. A nan Yaya ya rikice, ya tsaya zai fuskanci gabas yadda muka saba, sai ya ga sahu ya kalli arewa. Makka tana arewa da Lamu kusan sak. Mu da kalmar gabas ma ta zame mana alƙibla a baki, abin sai da ya ɗauke mu lokaci.

Abincin rana a cikin jirgi aka dafa, kuma nan kam ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Ƙaramin yaron ne kuku, murhun gawayi ne a cikin akwatin da aka zuba wa yashi. Kifin da suka kama da ƙugiya a hanya ya tsaga ya shafa masa barkono da lemon tsami da tafarnuwa ya gasa, ga shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, ya kankare kwakwar a gabanmu a kan wani ɗan benci mai haƙoran ƙarfe. Bayan nan gahawa mai ɗaci a ƙananan kofuna da halua, da na ɗanɗana na ji sunan nace Yaya ai alewa ce. Haka muka dinga tsintar kalmominmu a bakinsu, asubuhi, alfajiri, hatari, salama, dunia, duk Larabci ne ya raba mana.

Wajen ƙarfe uku ruwa ya dawo, yace yanzu ne lokacin Takwa. Takwa kufai ne a tsibirin Manda, kuma ba a isa gare shi sai ta wani siririn rafi a cikin dajin mikoko, itatuwan nan da suke tsirowa a cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Rafin sai ruwa ya cika yake ɗaukar jirgi. Aka sauke tanga, yaro ɗaya ya tsaya a goshi da doguwar gora yana caka ƙasa yana faɗin zurfi, nahodha na bin wata hanya da ni ban ga alamarta ba, ko ina ruwa ne iri ɗaya a idona. Sau ɗaya cikin jirgin ya gogi laka, na ji shi a tafin ƙafata, suka tura da gora muka wuce. Kafin mu sauka ya ɗaga yatsa yace awa ɗaya, in kun wuce haka a nan za mu kwana da sauro.

Awa ɗayan nan ita ce ta fi tsaya min a rai a duk tafiyar. Kana fitowa daga mikoko sai ga kukoki manya-manya, irin kukarmu sak, kuma duk Bahaushe ya san in ka ga kukoki sun taru a daji to ka duba da kyau, gari ne ya taɓa zama a wurin. Haka abin yake. An kafa Takwa wajen 1500, aka watse wajen 1700, ana cewa rijiyoyinsu ne suka koma gishiri ga kuma rashin jituwa da Pate, mutanen suka tsallaka suka koma Shela. Gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su, ga ragowar ganuwa ta kewaye garin. Masallacin yana nan da mihrabinsa, da wani dogon ginshiƙi a saman bangon alƙibla, ga kwatamin alwala a gefe. Akwai wani kabari mai ginshiƙi da aka rubuta shekara a jikinsa, ta yi daidai da wajen 1681, kuma har yanzu mutanen Shela suna zuwa wurin roƙon ruwa. Wani Bature mai suna James Kirkman ne ya fara tonon wurin a 1951, yanzu hukumar gidajen tarihi ta Kenya ke kula da shi, ana yankar tikiti a ƙofa. Abin da ya fi taɓa ni, a jikin wani bango akwai zanen jiragen ruwa da aka ƙarta a cikin shafen, da tanga mai kusurwa uku, kamar wanda ya kawo mu. Yaya ya daɗe a tsaye cikin masallacin, ya yi wa mutanen addu'a, yace ka ga, nan ma an yi kiran salla shekara ɗari biyu. Na so a ce mun samu awa uku. Amma ruwa ba ya jira, muna jiyo yaron yana ƙwala mana kira daga cikin itatuwa.

Wani abu da na gane a wurin, ɗakunan duk dogaye ne sirara, haka ma na cikin tsohon garin Lamu wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2001. Dalili shi ne da itacen mikoko ake rufi, shi kuma iya tsawonsa kenan, faɗin ɗaki ba ya wuce abin da sandar za ta iya ɗauka. Daidai yadda azara take yanke wa maginin gargajiya faɗin soro a wajenmu.

Dare kuma a tsakiyar mashigin ruwa muka kwana, ta ɓangaren Manda, muna hango fitilun Shela. Na zauna kusa da nahodha lokacin da yake jefa nanga don ina son in ga yadda ake yi. Sai da ya zagaya sau biyu yana duba ƙasan, yace yashi yake nema, a kan murjani ƙugiya takan maƙale ko ta yanke igiya, a cikin ciyawar ruwa kuma ba ta kamawa. Da ya jefa sai ya saki igiya mai tsawo, ninkin zurfin wajen sau da yawa, don ƙarfen ya kwanta ya ja a kwance, ya kafa ƙafarsa a kan igiyar yana jin ko tana karkarwa. Sannan ya saita wata fitila ta Shela da kan wata bishiya, yace muddin biyun nan suna kan layi ɗaya to muna nan inda muke. Sallar magariba da isha a jirgi muka yi, a zaune, shi yake nuna mana arewa don jirgin yana juyawa a hankali.

Wajen ƙarfe biyu na dare na farka na ji ana motsi. Ruwa ya juyo yana cika da ƙarfi, jirgin ya juya gaba ya koma baya, kuma fitilar nan da bishiyar sun rabu. Nanga ta saki tana jan ƙasa. Ban ji tsoro sosai ba saboda yadda na ga suna yi, babu ihu babu gudu, dattijon ya riga ya tashi tun kafin ni, ya ƙara sakin igiya, yaran suka jefa nanga ta biyu ta ɗaya gefen, jirgin ya yi wata 'yar girgiza ya tsaya cak. Ya ce min lala Shehe, wato in kwanta. Da asuba na gan shi a zaune a inda na bar shi da mayafi a kafaɗa, ashe bai koma barci ba. Yaya kuwa bai ma san an yi ba sai da safe. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin da muka biya halal ne.

Amma kwanan kansa akwai wahala, kar in ɓoye. Katifar siririya ce kamar tabarma, raɓa ta jiƙa mu sharkaf kafin asuba, babu rumfa, kuma babu banɗaki a jirgin sam, sai dai a kai ka gaɓa. Wanda zai je da iyali mata ya yi wannan maganar tun a wajen ciniki, ko ya nemi jahazi babba, ko a yi yawon yini a dawo masauki. Ruwan shan da suka ɗauko ma bai isa ba, rana ta biyu sai da muka dinga tattali. Ka taho da naka katan ɗin, da hula mai faɗi, da man sauro, da abin cajin waya. Sabis kam akwai kusan ko ina.

Rana ta biyu Matondoni muka nufa, ƙauyen masu sassaƙa jirgi a arewa maso yammacin tsibirin. Yanzu iska a gabanmu take, don haka sai dai a yi ta gicciye, a je wannan gaɓa a juyo a je waccan. Duk juyi aiki ne ja, sai an saki igiyar tanga ƙyallen ya tashi gaba yana fal-fal, a miƙar da doguwar sandar nan tsaye a zagayo da ita ta ɗaya gefen, yaro ya yi tsalle ya cafko igiya, mu kuma a ce mu koma wancan gefen da sauri. Na ƙirga juyi tara kafin mu wuce garin Lamu. A wani matsatsin wuri ne kaɗai ya tada inji, kuma sai da ya nemi izininmu, kamar minti ashirin ya kashe.

A Matondoni mun tarar ana gina wani jirgi a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa. Babu zane babu takarda, gizago ne da zare da ido. Wani yana huda katako da abin huji na baka da tsirkiya, wani yana cusa auduga da aka jiƙa da mai a tsakanin katakai yana bugawa da kurfi, tak tak tak, mata a ƙofar gida suna saƙar tabarma da kwando da kaba kamar a ƙauyukanmu. A gidan tarihi na Lamu na ga samfurin wanda ya riga waɗannan, mtepe, wanda ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakan, tangarsa kuma tabarma ce. Nahodha yace yanzu samari sun fi son na roba mai inji don kuɗin yana shigowa da wuri, yaransa biyun nan ma bai san ko za su tsaya ba. Ya faɗa min in ina son ganin mashua da gaske in dawo lokacin Maulidi, wanda ake yi a masallacin Riyadha na Habib Swaleh, malamin da ya kafa shi, a ƙarshen Rabi'ul Awwal, ana tseren jirage da na jakuna, garin ba masaka tsinke.

In maki ne zan ba su 8 cikin 10, biyun da na cire na rigar kariya ne da ruwan sha. Wanda yake son a kai shi wuri biyar a yini ɗaya ya ɗau hoto ya dawo, wannan ba nasa ba ne, ya hau mai inji. Kuma kafin ka sayi tikitin jirgin sama ka duba kwanan wata na Musulunci, in kana son shiga Takwa da la'asar ka daidaita zuwanka da tsakiyar wata ko farkonsa.

Mun dawo gaɓar Lamu ana kiran magariba, jakuna na ta wucewa da buhunan siminti. Na tura masa cikon kuɗinsa ta M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, na ƙara wa yaran wani abu a hannu. Yaya ya cire hularsa zanna bukar ya miƙa wa dattijon, yace Baba ga wannan ka dinga tunawa da mu a addu'a, na fassara masa. Ya juya ta yana duba ɗinkin da yatsa, ya cire tasa kofiyar mai ƙananan huji ya ɗora wa Yaya a ka, sannan ya koma cikin jirgin don ruwa ya fara janyewa kuma yana so ya matsar da shi kafin ya zauna.